VLOOKUP da XLOOKUP: yadda za ka zaƙulo bashin mutum daga cikin ɗaruruwan sunaye

Mahaifina ya fi shekara ashirin yana sayar da shanu a Kara, kan hanyar Legas zuwa Ibadan. Tirela ta zo daga Potiskum ko Maigatari, a sauke, mahauta su zo su zaɓa. Kaɗan ne ke biya lakadan. Yawanci mutum ya ba da rabi, ya kai sa kwata ya yanka, sai ya sayar da nama ya kawo ciko. Duk wannan a littafi ake rubutawa, kuma tun da na gama sakandare littafin ya dawo hannuna. Ranar da wani ya zo ya ce "nawa ya rage a kaina?", sai in yi ta buɗe shafuka ina lasar yatsa, shi yana tsaye, Baba yana kallona.

Abin da ya raba ni da wannan wahala wata fomula ce a Excel mai suna VLOOKUP. Da yake 'yan uwa masu shaguna a Agege da Mile 12 da Sabon Ibadan sun sha tambayata, na ga gara in rubuta ta wuri guda. Tana aiki a Excel, tana aiki a Google Sheets da WPS, har a waya. Ba sai kana da kwamfuta ba.

Yadda take aiki

Ka ɗauka yaro ne ka aika. Ka ce masa: ga lamba, je ka duba layin farko na littafi daga sama zuwa ƙasa, inda ka ga lambar ka tsaya, ka ƙirga ɗakuna zuwa dama, ka karanto mini abin da ke ɗaki na huɗu. Aikinta ke nan, ba ƙari.

A ce ka buɗe shafi ka sa masa suna Mutane. Layin tsaye na A lambar mutum ce, B sunansa, C lambar wayarsa, D ragowar bashinsa. Layin kwance na 1 kanun magana ne, mutanen sun fara daga na 2 zuwa na 200. A ɗakin G1 za ka riƙa buga lambar wanda kake nema, a G2 kuma ka rubuta:

=VLOOKUP(G1,A2:D200,4,0)

Abubuwa huɗu ne a cikin baka, waƙafi ya raba su. G1 shi ne abin da ake nema. A2:D200 shi ne filin da za a duba, kuma a layinsa na farko kawai take nema, wato A. Lamba 4 tana nufin a kawo abin da ke layin tsaye na huɗu, D ke nan. Da 2 ka sa, suna za ta kawo, da 3 ka sa, lambar waya. Ƙirgar daga farkon filin da ka zaɓa take farawa, ba daga A na shafin ba: in filinka ya fara daga C, to C ne ɗaya. Sifilin ƙarshe yana nufin sai abin da ya yi daidai sak. Wasu suna rubuta FALSE a wurin, duk ɗaya ne.

Sifilin nan na ƙarshe

A nan zan daɗe, don shi ya taɓa kunyata ni. Excel ba ya tilasta maka ka sa abu na huɗun. In ka bar shi, fomular ba za ta yi ƙorafi ba, amma ta sauya hali: in ba ta samu lambar da ka nema ba, sai ta kawo maka ta kusa da ita daga ƙasa, kuma ba za ta gaya maka ta yi haka ba.

Watanni na farko ban san wannan ba. Akwai wani mahauci sabon zuwa da na ba lamba 37 a takarda, amma na manta ban shigar da shi cikin jerin ba. Ya zo da yamma, Baba ya ce in duba. Na buga 37, sai ga Naira dubu 420. Na faɗa da ƙarfina. Mutumin ya rantse ya biya komai tun shekaranjiya, Baba ya ce na'ura ba ta ƙarya, murya ta fara tashi, mutane suka taru. Ashe bashin mai lamba 36 ta ɗauko. Tsohon littafin da nake raina shi ya raba gardamar. Washegari Baba da kansa ya taka har inda mutumin yake ya ba shi haƙuri, ni kuma na yi kusan wata ba a tambaye ni komai daga waya ba. A sana'ar da ake ba ka sa na ɗaruruwan dubbai da baki kawai, ka ce wa mutum bai biya ba alhali ya biya, ai ba ƙaramin abu ba ne.

Da na sa sifili, abin da zai fito shi ne #N/A, ma'ana ba a samu ba. Da farko rubutun yana ba mutum haushi, amma da shi ne ya fito a ranar, da na san ban shigar da mutumin ba.

Akwai inda neman na kusa yake da amfani, kuma don shi aka yi shi. Malamin makaranta mai fitar da sakamako zai iya rubuta ƙaramin jadawali: 0 da F, 40 da D, 50 da C, 60 da B, 70 da A. Ɗalibi ya ci 63, babu 63 a jadawalin, fomular ta koma 60 ta ba shi B. A nan 1 ake sawa a ƙarshe, ko TRUE, kuma dole lambobin su jeru daga ƙarami zuwa babba, in ba haka ba shirme za ta kawo. Dillalin da la'adarsa ke hawa daidai da tsadar dabba shi ma zai iya haka. Amma a neman mutum, ko kaya, ko lambar asusu, sifili ne kullum.

Kada ka nemi mutum da suna

Wannan ce shawarar da nake so a riƙe ko an manta sauran. Musa nawa ne a kasuwarku? Sani nawa? VLOOKUP tana tsayawa ne a kan na farkon da ta tarar daga sama, sauran ko kallonsu ba ta yi. In Musa uku ne a jerinka, kullum bashin na farko za ka gani. Ga kuma rubutu: yau ka rubuta Muhammad, gobe ƙanenka ya rubuta Muhammadu, jibi wani ya rubuta Mohammed. Ɗanjuma da ƙugiya da Danjuma ba ƙugiya, a wurinta mutum biyu ne. Sunayen abokan cinikinmu Yarabawa kuwa, kowa yadda kunnensa ya ji yake rubutawa. Babban baƙi da ƙarami ne kaɗai ba ta damu da su ba.

Mafita ita ce kowane mutum ya samu lamba tasa shi kaɗai, wadda ba za a sake ba wani ba ko ya daina zuwa. Haka muke yi wa shanu ma: lambar da aka shafa da fenti a jikin dabba, na haɗa ta da lambar zuwan mota, misali T5-12, sa na 12 a tirela ta 5. In ba haka ba, kowace tirela tana da nata 12.

In ka ga #N/A alhali ga mutumin kana gani

Sau da yawa ɗaya daga abu biyu ne. Na farko, fili da ya maƙale a ƙarshen rubutu, wanda ido ba ya gani. Allon rubutun waya yana yawan ƙara shi da kansa bayan kalma. Maganinsa TRIM: ka rubuta TRIM(G1) a madadin G1 in rubutu kake nema, in kuma a cikin jerin dattin yake sai ka share shi a can.

Na biyu, lamba da aka ajiye a matsayin rubutu. 37 na lissafi da 37 na rubutu ba sa haɗuwa. Yadda za ka gane: in ba ka taɓa tsarin ɗakin ba, lamba tana jingina dama, rubutu yana jingina hagu. Wannan ya fi cizo a lambar waya da ta banki. Lambobin wayarmu 11 ne kuma da sifili suke farawa, Excel kuwa yana cinye sifilin farko, 080 ta koma 80. Lambar asusun banki mai 10 ma wasu da sifili take farawa. Ka sa alamar ' kafin lambar don ta zauna a matsayin rubutu, a cikin jerin da kuma ɗakin da kake nema, duka biyun.

Idan #REF! ya fito, ka ce a kawo layi na biyar ne alhali filinka huɗu gare shi. Idan #NAME? ne, ka duba rubutun sunan fomular. Wanda kuma kwamfutarsa ke kan tsarin Faransanci, kamar na 'yan uwanmu da ke zuwa daga Kwatano ko Maraɗi, zai tarar waƙafi mai ɗigo (;) ake sawa tsakanin abubuwan, sunan fomular ma RECHERCHEV ne.

Ɗauko bayani daga wani shafi

Ni ina da shafi na biyu mai suna Ciniki, inda nake rubuta kowace dabba da ta fita: A kwanan wata, B lambar mai saye, C lambar dabba, D farashi, E abin da ya biya. Ba na sake rubuta suna. A F2 na sa:

=VLOOKUP(B2,Mutane!$A$2:$D$200,2,0)

sai in ja ta ƙasa, sunaye su cika da kansu. Alamar dalar nan ba ado ba ce. In babu ita, duk layin da ka sauka filin neman ma yana sauka, A2 ta zama A3, ta zama A4, har mutanen sama su fice daga ciki ka fara ganin #N/A ba dalili. A kwamfuta maɓallin F4 yana sa ta, a waya da hannu ake bugawa.

Wani tarko: in daga baya ka cusa sabon layin tsaye a tsakiyar jerin, a ce unguwar mutum tsakanin B da C, lambar 4 da ka rubuta ba ta sauyawa. Inda kake jiran bashi sai ka ga lambar waya. Sabon abu a ƙarshen dama ake ƙara shi.

Mutum ɗaya, ciniki goma

VLOOKUP abu ɗaya take ɗaukowa, ba ta tarawa. Mahaucin da ya ɗauki shanu sau goma yana da layi goma a Ciniki, ita kuwa na farko kaɗai za ta nuna. Aikin SUMIF ne wannan. A D2 na shafin Mutane:

=SUMIF(Ciniki!B:B,A2,Ciniki!D:D)-SUMIF(Ciniki!B:B,A2,Ciniki!E:E)

Wato a tara farashin duk abin da mai wannan lamba ya ɗauka, a cire duk abin da ya biya. In ya kawo ciko daga baya, sabon layi nake buɗe masa, in bar D babu komai, in rubuta kuɗin a E. Ta haka ranar da ya biya ma tana nan, ranar gardama.

XLOOKUP da INDEX

VLOOKUP ba ta duba hagu. In lambar waya ce a hannunka kana neman suna, ga waya a C ga suna a B, ba za ta iya ba. Kamfanin Microsoft ya fito da XLOOKUP a 2019 don irin wannan:

=XLOOKUP(G1,C2:C200,B2:B200,"babu shi")

A nemi G1 a layin C, a kawo abin da ke daidai da shi a layin B, in ba a samu ba a rubuta "babu shi". Babu ƙirgar layi, cusa sabon layi ba ya ruɗa ta, kuma tun asali daidai sak take nema. Da ita na fara, da rigimar lamba 37 ba ta faru ba. Matsalarta ɗaya: tana cikin Microsoft 365 da Excel 2021 zuwa sama, Google Sheets ma ya samu tun 2022, amma babu ita a Excel 2016 da 2019, waɗanda su ne a yawancin tsofaffin kwamfutocin da muke saye a Computer Village. Ka yi aikinka a waya lafiya, ka kai shagon buga takardu, can ya ƙi.

Wadda ke aiki ko'ina ita ce haɗin INDEX da MATCH:

=INDEX(B2:B200,MATCH(G1,C2:C200,0))

MATCH ta gano mutumin na nawa ne a layin C, INDEX ta ɗauko na wannan matsayi a layin B. Ka lura nan ma ga sifilin. Kuma layukan biyu su fara wuri ɗaya su ƙare wuri ɗaya. In ɗaya ya fara daga 2 ɗaya daga 3, sunan maƙwabcinsa za ka samu.

Za ka ji ana cewa ka lulluɓe fomula da IFERROR don shafi ya yi tsabta. Ni ba na so a kan kuɗi, musamman yadda wasu ke sa ta rubuta 0. Mutumin da ba a samu ba sai ya fito kamar ba a bin sa ko kwabo. In dole ne, IFNA ta fi, don #N/A kaɗai take rufewa, kuma ka sa ta rubuta magana da kowa zai gane: =IFNA(VLOOKUP(G1,A2:D200,4,0),"ba ya cikin jeri").

Yanzu a G3 na ƙara wata fomula da ke kawo suna, kusa da kuɗin. In mutum ya zo, sai na karanta masa sunan ya amsa kafin in faɗi adadi. Littafin takarda kuma yana nan a jakar Baba, duk daren Alhamis muna zama ni da shi, yana karantowa ina dubawa a waya.