Mizanin Bandama: Muƙabala Tsakanin Motocin Tsere na Turai

Masu nazarin motocin tsere na Turai sun saba auna fifikon zamani a kan zamani da ƙarfin inji da saurin gudu, alhali wannan ƙiyasi, ko da yake yana da nasa dalili a kan kwaltar Faransa da Jamus, ba ya tsayuwa a ƙasar da gargada da ƙura da taɓon damina suke yanke hukunci. Kodebuwa tana da nata mizani, wato tseren Bandama, wanda aka fara a 1969, wanda kuma tsananinsa ya kai ga cewa a 1972 babu mota ko ɗaya da ta kai ƙarshensa.

A 1978, shekarar da tseren ya shiga gasar duniya, Jean-Pierre Nicolas ya yi nasara da Peugeot 504 mai ƙofa biyu da silinda shida. Jikinta zanen Pininfarina ne na Italiya, amma asalinta ɗaya ne da 504 ɗin haya da ke lodi a lokacin a tashar Adjamé ta Kodebuwa, wadda kuma aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Saboda haka bakaniken da ya ƙware a kan ta haya, in an buɗe masa ta tsere, ba zai tsaya yana kallo kamar baƙo ba. Mercedes ta biyo baya a 1979 da 1980, a hannun Hannu Mikkola sannan Björn Waldegård, da ƙatuwar mota mai silinda takwas da giya mai sauya kanta, irin wadda attajirin unguwar Treichville zai yi sha'awa, ba direban haya ba; duk da haka hujjarta ita ce ta Peugeot, wato juriya.

Da Audi Quattro, mai jan ƙafa huɗu da turbo, al'amari ya sauya. A 1982 Michèle Mouton ta daɗe tana kan gaba da ita kafin matsaloli da hatsari su fitar da ita, Walter Röhrl ya ci da Opel Ascona mai jan ƙafa biyu. Wajibi ne a yi adalci: Stig Blomqvist ya rama wa Audi a 1984, kuma babu mai hankali da zai musanta cewa ta fi 504 gudu nesa ba kusa ba. Sai dai nasara ce da ta dogara ga rundunar injiniyoyi da kayan gyaran da ba a samu a rumfunan Adjamé.

A ra'ayina, a nan bambancin zamunnan yake, kuma shi ya sa na fifita na farko. Ko Renault 5 GT Turbo da Alain Oreille ya ci da ita a 1989, ƙarama ce da ba a yi mata sauyi mai yawa ba daga wadda ake sayarwa a kanti, ta kuma isa Bandama bayan an haramta manyan motocin rukunin B, irin su Quattro, a ƙarshen 1986.