Jarfi: Gonar da Kogi Ya Ba Kakanninmu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. 

Mutanen Yaman da Sham suna alfahari da garakan inabi da iyali ke gada a gangaren duwatsu. Mu a nan gangarenmu gaɓar Bahar Azrak ce, wato jarfi, siririyar ƙasar da kogi ke rufewa da damina, ya janye ya bar ta da kaka. Ƙanƙantarta ta sa ba a cika ambatonta ba, alhali da ita aka ci da gidaje masu yawa.

Bayan shahadar Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi cikin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da sauran jama'a, har suka sauka kusa da Shaikh Talha wajen 1906, inda aka kafa garin Mai Wurno, kudu da Sinnar. Da su, da mahajjatan da suka biyo baya, ba baƙin noman bakin ruwa ba ne. Sun baro fadamun Rima da na ƙasar Kano, inda aka san jigo da lambun albasa tun kaka da kakanni.

Cikin 1925 aka gama hazzan na Sinnar, aka buɗe mashru'in Jazira domin auduga. Hausawa sun zuba guminsu a tsinkar auduga da yashe magudanan ruwa, amma kaɗan ne suka riƙe hawasha. Dokar ɗan ƙasa ta 1957, wadda ta nemi shaidar zama tun ƙarshen 1897, ta ƙara tsuke ƙofar. Da yawa suka zauna a kambo suna ƙodago a gonar wani. Wanda kuwa ya samu ɗan jarfi, ta izinin shehun gari ko ta saye ko ta rabon amfani, ya samu wurin da zai shuka abin da ya ga dama.

Aikin jarfi bin sawun kogi ne. Ruwa yakan cika cikin Agusta, ɗauke da laka daga tuddan Habasha. Da ya fara janyewa wajen Oktoba, sai maigida da 'ya'yansa su bi shi taki taki: dawa da masara a sama, wake da kuɓewa da kabewa a tsakiya, kankana a ƙasa inda laima ke daɗewa. Babu kuɗin taki, babu kuɗin ruwa, domin lakar bana ta maye wadda aka ci bara.

Sai dai kogin yau ba na jiya ba ne. An gina hazzan na Rusairis cikin 1966, aka ƙara masa tsawo cikin 2013. Cikin 2020 kuma Habasha ta fara tara ruwa a babban dam ɗinta kusa da iyaka. Laka tana kwantawa bayan bango, cikar ruwa ta ragu, ruwan da ya taho garau kuwa cin gaɓa yake yi, abin da muke kira haddam. Jarfin da a da kogi ke shayarwa kyauta, yanzu yana neman injin ban ruwa da mai da taki.

Akwai haɗari na biyu. Dokar 1970 ta mayar da duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba ta gwamnati, yawancin jarfinmu kuwa shaidarsa a bakin dattawa take. Yaƙin da ya tashi cikin Afrilu 2023 ya warwatsa iyalai daga Madani har Sinja, dattawan nan kuma suna ƙarewa.

Saboda haka kowane gida ya zauna da manyansa tun da sauran rana. A rubuta iyakar jarfi, da yadda ya zo hannu, da sunayen maƙwabta na kudu da arewa, shaidu biyu su sa hannu, a ajiye kwafi wurin liman ko sarkin gari. Alƙur'ani ya umurce mu da rubuta bashi, ƙarami ko babba, balle ƙasar da marayu za su gada.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya. Amin.