Asalin Kalma: Malam

Ka tsaya a bakin Kasuwar Kurmi ka ce "Malam!", mutum goma za su waiwayo. Daga ina kalmar ta samo wannan farin jini?

Daga Larabci muka aro ta: mu'allim, wato mai koyarwa, tushenta ɗaya da ilimi. Bakin Bahaushe ya sassaƙe ta ta koma malam, har ta haifi malama, malamai da malanta. Malanta ta zauna da gindinta a Kano tun zuwan Wangarawa zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14, unguwar Madabo kuma ta yi suna da karatu.

A da, sai wanda ya zauna kan buzu a zaure, almajirai kewaye da shi da allunansu, ake kira malam. Da boko ya zo, sunan ya bi mai alli zuwa aji, ya shiga asibiti da gona: malamin asibiti, malamin gona. Yau baƙon da ba ka san sunansa ba ma malam ne. Yara kuwa suka laƙaba wa ƙwaron nan mai buɗe fukafukai kamar shafuka malam-buɗe-littafi.

Amma nauyinta na asali bai gushe ba. Aminu Kano ya koyar a Bauchi da Maru kafin ya shiga siyasa. Ya rasu a 1983, amma har yau idan tsohon ɗan jam'iyyarsa ta NEPU ya ce "Malam" kawai, an san wanda yake nufi. Dattijo mai furfura kuma yana durƙusawa gaban wanda ya biya masa Fatiha.

Mai karatu, in naka malamin yana raye, je ka gaishe shi.