Natsuwa a Wurin Aiki: Amfaninta ga Ma'aikata da 'Yan Kasuwa

Natsuwa, a ma'anar da masana lafiyar ƙwaƙwalwa ke nufi, ita ce mutum ya tattara hankalinsa a kan abin da yake yi a halin da yake ciki, ya lura da numfashinsa da abin da ke gudana a zuciyarsa, ba tare da ya yi gaggawar mayar da martani ba. Ba baƙon abu ba ce a ƙasar Hausa, domin malaman fiƙihu sun lissafa natsuwa cikin farillan salla.

Asalin horon zamani

A shekarar 1979 Jon Kabat-Zinn ya soma wani shiri na mako 8 a makarantar koyon likitanci ta Jami'ar Masacusets da ke Amurka, domin taimakon masu fama da ciwo da damuwa. Daga bisani shirin ya bazu zuwa asibitoci da ofisoshi a ƙasashe da dama. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a wurin aiki, inda ta ambaci irin wannan horo. An kuma ƙiyasta cewa duniya na asarar kwanakin aiki biliyan 12 a kowace shekara saboda damuwa da fargaba.

Misalin Bata

Bata mahada ce da ke Ƙaramar Hukumar Fagge, daura da kasuwar Sabon Gari, wadda ake kira Kasuwar Muhammad Abubakar Rimi. Fatake daga karkara kan bi ta nan domin sarin kaya. Cunkoson adaidaita sahu, da ƙarar janareta, da zafin bazara, duk suna haɗuwa a kan yaron shago da ɗan dako da jami'in KAROTA da mai karɓar haraji. A irin wannan wuri, hankalin da ya rabu shi ke jawo kuskuren canji, ko ɓatan kaya, ko musayar yawu da abokin ciniki.

Amfaninta

1. Rage kuskure wajen ƙirga kuɗi, rubuta rasit da tura kuɗi ta waya.
2. Sassauta fushi. Wanda ya ja numfashi kafin ya amsa magana yakan tsira daga rigimar da za ta kai shi ofishin 'yan sanda.
3. Kyautata sauraro. Manomin da ya yi doguwar tafiya zuwa sakatariya yana bukatar jami'in da zai ji bayaninsa har ƙarshe.
4. Kiyaye haɗari. Kasuwar Sabon Gari ta yi babbar gobara a watan Maris na 2016, saboda haka duba wutar lantarki cikin natsuwa kafin rufe shago wajibi ne.

Yadda ake yi

A zauna a miƙe na minti 5 kafin fara aiki, a ajiye waya, a bi shigar numfashi da fitarsa. Idan tunani ya tafi wani wuri, a dawo da shi a hankali. A riƙa yin aiki ɗaya a lokaci ɗaya. Bayan sallar azahar, a ɗan dakata kafin a koma bakin aiki. Sannu ba ta hana zuwa.

Jan hankali ga shugabanni

Natsuwa ba ta maye gurbin haƙƙin ma'aikaci. Inda aiki ya yi yawa, ko albashi ya yi jinkiri, ko babu lokacin hutu, gyaran yana wuyan shugabanni da iyayen gida. Haka nan ba ta maye gurbin magani. Duk wanda rashin barci ko baƙin ciki ya daɗe masa har ya hana shi aiki, ya je asibiti mafi kusa, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko asibitin ƙwaƙwalwa da ke Dawanau.