Dambe: Makarantar Jarunta da Kamun Kai a Ƙasar Hausa



Wanda duk ya zagaya birnin Katsina zai lura cewa da yawa daga ƙofofinsa sunayen sarautun manyan bayin ƙasa da sarakunan yaƙi ne da su, watau kamar Ƙofar Ƙaura, da Ƙofar Durɓi, da Ƙofar 'Yanɗaka, da kuma Ƙofar Marusa. Yau Ƙofar Marusa unguwa ce ta 'yan kasuwa da ma'aikata da ɗalibai, amma sunanta na tuna mana da zamanin da tsaron gari ya dogara ga ƙarfin damtsen mutanensa. To, abin tambaya shi ne, a wace makaranta ce talakan wancan zamani, wanda ba shi da doki balle sulke, yake koyon tsayawa gaban abokin gāba ba tare da ya ja da baya ba? Amsar tana cikin wasanninmu na jarunta, irin su kokawa, da shanci, da tauri, musamman kuma dambe, wanda a kansa zan tsaya.

Dambe tsohon abu ne. Cikin 1824, Baturen nan matafiyi Hugh Clapperton ya sauka Kano, ya ji labarin 'yan damben Hausa, har ya sa aka kira masa su. Ya rubuta cewa sun zo da makaɗa, ga kuma taron mahauta a bayansu, kuma sai da ya hana a yi da gaske, domin an gaya masa abin yakan kai ga rasa rai. Wannan shaida ta tabbatar da abin da muka ji daga kakanni, cewa dambe gadon rundawa ne. Da kaka ta yi, an kai amfanin gona gida, sai samarin mahauta su bi gari gari da kalangu, suna neman wanda zai tare su.

Da Turawa suka ci Katsina cikin 1903, yaƙi ya ƙare. Dokin barde ya koma na hawan salla, daga baya kuma na wasan folo, wanda ya kafu a birnin a zamanin Sarki Muhammadu Dikko (1906–1944). Shi kuwa dambe bai sāke kama ba, har yau harshen yaƙi yake yi. Hannun da aka naɗe da zare shi ne mashi, wanda aka miƙa gaba a buɗe shi ne garkuwa, wanda kuwa aka kai ƙasa sai a ce an kashe shi.

A nan ne nake so mu dakata, domin wannan kisa shi ne zuciyar darasin. Ana yin dambe turmi uku ne. Da zarar hannu ko gwiwar mutum ta taɓa ƙasa, magana ta ƙare, ba a ƙara masa ko naushi ɗaya. Saurayin da jininsa ke tafasa, ana kaɗa masa takensa, jama'a na ihu, dole ya tsai da hannunsa a daidai lokacin da ya fi sha'awar sakinsa. Wanda aka kashe kuma dole ya tashi a gaban ɗaruruwan idanu, ya kakkaɓe ƙura, gobe ya dawo fage. Na farko ya koyi kamun kai, na biyu ya koyi haƙuri, dukansu kuma sun koyi cewa gaba da gabanta.

Bugu da ƙari, ba a shiga dambe da ka. Kowane yaro yana da maigida wanda yake riƙe masa kaya, yana kallon yadda ake naɗi da tsayuwa, shekara da shekaru kafin a sake shi ya tari manya. Saboda haka ne ake jin sunaye irin su Shagon wane, ko Autan wane, ko Bahagon wane. Sunan maigida yana maƙale da na yaro, abin kunyarsa ya shafi gidan duka. Haka kuma kowa yana da ɓangarensa, ko Kudu, ko Arewa, ko Guramaɗa. Makaɗi shi ne marubucin tarihinsu. Ba don Ɗan Anace ba, da ƙila sunan Shago bai kawo gare mu ba.

Wasu ƙasashe sun gane darajar irin wannan gado, sun tsara shi. Cikin 1882, Jigoro Kano ya kafa makarantar Kodokan a Tokyo, ya tace tsohuwar dabarar faɗan Japan, ya sa mata suna judo, watau hanyar sassauci, ya shigar da ita makarantu. Maƙwabtanmu na Nijar kuma sun fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa cikin 1975, inda zakara ke karɓar takobi. Mu kuwa, 'yan boko, mun daɗe muna kallon dambe a matsayin wasan jahilai.

Ba na musun cewa fagen yana da aibobinsa: akwai dogaro ga layu da tsafi, da caca, da shaye-shaye, da raunukan kai waɗanda ba likitan da ke dubawa. Waɗannan gyara suke bukata. Amma mu tuna cewa birnin Katsina ya ɗanɗana fitinar ƙauraye, samari masu ƙarfi da zafin zuciya waɗanda ba su da maigida, ba su da alƙali, ba kuma wanda ya taɓa koya musu inda ake tsai da hannu. Ƙarfin saurayi ba ya rasa mafita. Ya rage ga masu tsara manhajar makarantu da ma'aikatan hukumomin wasanni da ke cikin wannan zaure su zaɓa masa fage mai doka, tun kafin lungu ya zaɓa masa.