Haidrofobin: furotin ɗin fumfuna mai rage tsadar tacewa

Haidrofobin ƙaramin furotin ne da fumfuna ke samarwa. Gefensa ɗaya na son ruwa, ɗayan kuwa gudunsa yake yi. Wannan ɗabi'a masu bincike a cibiyar VTT ta Finland suka mora wajen tace furotin cikin rahusa, domin a harkar magungunan zamani, tacewa da na'urorin kiromatogirafi ke lashe kaso mai tsoka na kuɗin sarrafawa.

Ana haɗa ƙwayar halittar HFBI, daga fumfunar Trichoderma reesei, da ta furotin ɗin da ake nema, sai su fito a manne. A zuba sinadari mai kama da sabulu, irin su Triton X-114, ruwan ya rabu gida biyu. Haidrofobin ya ja abokinsa zuwa ɓangaren sabulun, datti ya zauna a ɗayan. Daga nan a janye sabulun da sinadarin isobutanol.

A 2010 an gwada dabarar a ganyen Nicotiana benthamiana, dangin taba, ta kuma yi aiki. Sai dai ba kowane furotin ke jure wannan haɗi ba, kuma idan magani ne, galibi sai an yanke haidrofobin ɗin, wanda hakan ma kuɗi ne.