Kunnuwa a Ƙarƙashin Ruwa: Daga Tafkin Janiba zuwa Tafkin Monoun

Haske ba ya yin nisa a cikin ruwa, amma sauti yakan ci dogon zango. A shekarar 1826, Daniel Colladon da Charles Sturm suka kaɗa ƙararrawa a ƙarƙashin Tafkin Janiba, suka gano cewa sauti na gudun kimanin mita 1,435 a daƙiƙa guda, wato ya ninka gudunsa a iska fiye da sau huɗu.

Nutsewar jirgin Titanic a 1912, da ɓarnar da jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus suka yi a Yaƙin Duniya na Ɗaya, su suka mayar da wannan ilimi abin buƙata. A Faransa, Paul Langevin ya ƙera na'urar da ke aika sauti ta kuma saurari amsa-kuwwarsa. Daga nan aka samu abin da ake kira sona.

Sai dai kunne ɗaya yakan ji ƙara, amma da wuya ya san inda ta fito. Maganin shi ne a jera masaurara da yawa bisa tazara sananniya. Sauti yakan riski na kusa kafin na nesa. Idan aka lissafa wannan ɗan jinkiri aka haɗa abin da kowanne ya ji, ƙarar da ake nema takan fito sarai, hayaniyar teku kuma ta dushe. A shekarun 1950 Amurka ta shimfiɗa irin wannan jeri, mai suna SOSUS, a ƙasan Tekun Atlantika domin bibiyar jiragen Tarayyar Sobiyat.

A Kamaru kuwa, ceton rai ne ya kawo fasahar. A 1984 iskar kabon da ta taru a ƙasan Tafkin Monoun ta taso ta hallaka mutum 37. A watan Agustan 1986 ta Tafkin Nyos ta hallaka fiye da 1,700. Tsakanin 2011 da 2016, masanan Japan da na cibiyar IRGM ta Yawunde suka yi aikin haɗin gwiwa a tafkunan biyu. Sun zana taswirar ƙasan Monoun da sona mai aika sauti ta fuskoki da dama lokaci guda, suka kuma ƙiyasta yawan iskar da ta narke a ruwa ta hanyar auna gudun sauti, irin awon da Colladon ya fara. Sanin inda iskar ke taruwa, da yawanta, shi ke nuna ko bututun da aka kafa domin fitar da ita sun wadatar, ko kuwa ƙauyukan da ke kewaye suna cikin haɗari.